Hayaƙin Banda a Tandabawi

Yayana masunci ne, ɗan masunta, jikan masunta, amma Allah ya ajiye shi a Makka, garin da ko rafi babu. Mu Sarkawan Yawuri ne, a bakin Kwara aka haife mu, kuma shi tun bai iya fyace majina ba yake tuƙa kwalekwale. Umra ya zo yi, ya ga aiki, ya ce bari ya ɗan taɓa kafin ya koma. Taɓawar ce ta kai shi ga aure da 'ya'ya uku a wani ɗaki da falo a unguwar Tandabawi, can saman tudu inda mota ba ta shiga. Ni daga baya na zo, da igama, wato katin izinin zama, a aljihuna, ina tuƙa wa wani kamfanin gini ƙaramar motar ɗaukar kaya, ina kwana a unguwar Zahir tare da sauran ma'aikata.

Shi ba shi da igama, matarsa ma haka. Yaran a gida aka haife su, ba su da takardar nan, ba su da ta can. Kowa a gidan ya san abin da wannan ke nufi, har ƙaramar da ba ta daɗe da fara magana ba. Duk ranar da aka kama shi, tarhil za a kai shi, gidan da ake tsare baƙi marasa takarda, a ɗauki zanen yatsunsa, a sa shi a jirgi zuwa Najeriya, kuma ba zai sake shigowa ba. Yaran ba su da abin da za su nuna su bi shi. Don haka ya koyi tafiya a gefen bango, ya koyi sanin ƙarar motar sintiri tun daga nesa, ya yi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Aikinsa gyaran kifi ne a bayan shagon wani Bayamane a kasuwar Utaibiyya. A kawo kifi cikin ƙanƙara, ya kankare, ya fasa ciki, ya yanka, ya zuba a leda. Mutumin da ya taɓa kokawa da giwan ruwa har ta kusa kifar da jirgi, shi ne yake zaune kan bokiti yana fiɗar kifin da wani ya kamo. In ya dawo gida babbar 'yarsa ta toshe hanci ta ce masa da Larabci yana warin kifi, ya je ya yi wanka. Yakan yi dariya, amma ni na san dariyar yayana, wannan ba ita ba ce.

A shagon ne ya ji labarin hamra. Wani jan kifin teku ne mai faɗin baya da haƙora, tsokarsa fara tas. Masu kawo kaya suka ce in sanyi ya shigo yakan matso kusa da gaɓa, har mai tsayuwa da ƙafa ya same shi da zare da ƙugiya a wajen Shu'aiba, ba sai da jirgi ba. Tun daga ranar bai bar ni na sha ruwa ba.

"Auta," ya ce mini wata Juma'a muna cin tuwo, "shekara nawa ina yankan kihin ga, ban taɓa ganin idonai da rai ba. Kai ni in gani."

Na ce, "Yaya, akwai shinge bisa hanya. In sunka tsai da mu, mi za ka nuna musu? Fatar baki?"

"Ba su tsai da motar kamfani."

"Wa ya gaya maka?"

Matarsa ta shigo da ruwa ta dangwarar da kofin a gabana. Tsakanina da ita akwai wasa irin na ƙanen miji, ƙaramin miji take ce mini, amma ranar ba wasa a fuskarta. Ta ce, "Ƙaramin miji, in ka ɗauke shi ka maido min shi. Wallahi in ba ka maido shi ba, kai za ka riƙe gidan ga, kuma ni ba ni dafa maka ko ruwan zafi."

Na ƙi, na sake ƙi. Na yi masa faɗa irin wanda ƙane bai kamata ya yi wa wansa ba. Sai dai wani yammaci na same shi a kan rufin gidan yana ɗaure ƙugiyoyi a zare, irin ɗaurin da mahaifinmu ya koya mana, yana ja da haƙori yana gwadawa. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗiyana ba su san ko ni wane na ba. Sun ɗauka mai wankin kihi ya haife su." Daga nan na yarda zan kai shi.

Muka fita bayan sallar asuba, wata Juma'a a tsakiyar sanyi. Ya sa rigar aiki ta kamfaninmu da na aro masa, ta yi masa kaɗan a kafaɗa. Tun daga nesa da na hango shingen na rage gudu. Sojan da ke wurin ya lulluɓe kansa da mayafi saboda iska, ko ɗagowa bai yi sosai ba, ya kaɗa mana hannu muka wuce. Yayana ya kalle ni yana murmushi. Na ce masa kada ya kuskura ya ce komai.

Mutanen gida suna ɗauka ƙasar nan zafi ce kawai. Su zo bakin teku da sassafe a watan sanyi, iskar arewa tana kaɗawa, su gaya mini. Ruwan kansa ba ƙanƙara ba ne, amma da ka jiƙe iska ta same ka, sai haƙoranka su fara haɗuwa. Tekun a wurin ba ya yin zurfi nan take. Sai ka yi tafiya mai nisa cikin ruwa iya gwiwa, iya cinya, a kan duwatsu masu kaifi kamar fasasshiyar kwalba, kafin ka kai inda ƙasa ta yanke, ruwan ya koma baƙi. A bakin wannan ramin ake tsayawa a jefa zare.

Na kawo mana tsofaffin takalman kambas saboda an gargaɗe ni. Yayana ya dube su ya ture da ƙafa. Wai Basarke ba ya shiga ruwa da takalmi, rashin kunya ne ga ruwa, kuma da tafin ƙafa ake jin ƙasa. Na ce wannan ba Kwara ba ce, babu laka a nan. Ya riga ya shiga. Ya yi bisimilla, ya kamfaci ruwa ya kurkure baki kamar yadda muke yi a gida kafin su, sai ya furzar yana tari yana zagin gishiri. Na yi dariya har na kusa faɗuwa. Shi ma ya yi, kuma wannan karon dariyarsa ce ta gaske.

Muka tsaya a bakin ramin, ruwa iya ƙugu, igiyar ruwa tana dukan cikinmu. Ya soka yankan habbar a ƙugiya, wani abin teku ne mai santsi da ya ɗebo daga shago, ya juya zaren sama da kansa ya sake. Ni tun ba a je ko'ina ba yatsuna suka sandare, na kasa ko ɗaura ƙugiya. Shi kuwa ya tsaya cak, zaren a kan ɗan yatsansa, kansa a karkace kamar mai sauraron magana a ɗaki na kusa. Muka daɗe ba abin da ya taɓa. Na fara yi masa mita, ina cewa mun bar bargo mun zo shan azaba. Ya ce in rufe masa baki.

Sai zaren ya miƙe. Na ga kafaɗarsa ta motsa tun kafin in ga komai a ruwa. Ya saki, ya ja, ya saki, yana magana da kifin ƙasa-ƙasa, yana kiransa ɗan uwa. Zaren ya tsaga masa tafin hannu bai ko duba ba. Da kifin ya taso, ja wur a cikin baƙin ruwan nan, yana bugun iska da wutsiya, yayana ya cafke shi ta ƙarƙashin kunne ya ɗaga shi daidai fuskarsa. Ya daɗe yana kallon idon. Ban san ko ruwan teku ne a kumatunsa ba, ban kuma tambaya ba.

Daga nan kamar an buɗe ƙofa. Kafin hantsi ya yi zafi mun cika buhu, yawancinsa shi ya kama, nawa biyu ne ƙanana da ya ce in mayar wa uwarsu. Sai da muka fito gaɓa na ga abin da duwatsun suka yi wa ƙafafunsa. Tafin duka biyu ya tsattsage, sanyi ne ya hana shi ji. Na yaga tsohon rawani na ɗaure masa, ina yi ina faɗa, yana cewa gishiri magani ne. A shingen dawowa ma ba wanda ya dube mu. Na sauke shi a gindin tudu na ce a raina, shi ke nan, mun tsallake.

Kifin ya fi ƙarfin cin gida. Matarsa ta ce a soya wasu, a raba wa maƙwabta, sauran a zuba a tallaja, wato firjin da take sayar da ƙanƙarar zoɓo da shi. Na ce ko kuma ya kai wa Bayamanen. Yayana ya dube mu kamar mun ce a zuba a shara.

"Kihin da na kamo da hannuna za a sa cikin ƙanƙara? Banda za ni yi."

Na ce, "Banda? Ina?"

"Bisa suɗuhi." Rufin gidan yake nufi.

"Yaya, nan Makka ta. Hayaƙi ba ya tashi nan sai in gida na ci."

"Ɗan kaɗan na. Kahin la'asar na gama. Ɗiyan ga ba su taɓa cin miyar kuka da kihi banda ba, Auta. Ko sau guda."

A wurinmu kifin da ya yi yawa banda ake yi, ba a ma tunani. A Yawuri kowane gida da tanderunsa, hayaƙi na tashi safe da yamma ba mai ɗaga kai. Abin da ya kasa shiga kansa shi ne, duk shekarun da ya yi yana ɓoye fuskarsa, hayaƙi ba ya tafiya a gefen bango. Na gaya masa haka. Matarsa ta gaya masa har da kuka. Ya ce mun cika tsoro, mun ga shinge ma da idonmu, me ya faru?

Bayan an sauko daga Juma'a ya hau da rabin durom da wata tsohuwar ragar ƙarfe. Itacen kirki babu, sai guntayen katakon gini da ya tsinto, wasu har da fenti a jiki. Ya tsaga kifin, ya lanƙwasa kowane ya soke wutsiya a baki, ya jera, ya rufe da jiƙaƙƙen kwali. Na zauna a kan bulo ina hararar sa. Amma ba zan ɓoye ba, da ƙamshin ya fara tashi sai na ji kamar ina bayan ɗakin innarmu. Fushina ya sauka ban sani ba. Ƙaramar 'yar ta hawo tana shinshina iska, ta tsuguna kusa da shi, ya ɓanɓaro mata gefen wutsiya ya ce ta jira ya huce, bai gama ba tukuna. Uwarta ta kira ta ta sauka da shi a hannu.

Hayaƙin ya yi kauri, katako mai fenti ya sa shi ya yi baƙi, iska kuma ta kwantar da shi kan dogon ginin da ke bayanmu. Daga wata taga muka ji muryar mace tana ihu, "Hariga! Hariga!" Gobara ke nan. Wasu tagogin suka ɗauka. Na leƙa na ɗaga hannu ina cewa kifi ne, kifi ne kawai, ba wanda ya saurare ni. Ban ga laifin matar ba. A unguwar da gidaje ke manne da juna, tukunyar gas a kowane ɗaki, ni ma in na ga baƙin hayaƙi ihu zan yi.

Ba a daɗe ba muka ji jiniya a gindin tudu. Tandabawi ta san wannan ƙarar. Kan ka ce me, ƙofofi sun rufe, masu talla sun kwashe faranti, samari suna tsallaka rufi zuwa rufi. Daga rufinmu zuwa na kusa taki ɗaya ne mai kyau, daga can akwai matakala da ke fita wani lungu daban. Yayana ya sha bi ta nan.

Na ce, "Tashi ka tahi. Za ni ce ni na hura wutar, ni ad da igama. Tashi!"

Ya miƙe, ya dubi duron. Ya ce, "Bari in kashe ta."

"Ni za ni kashe ta!"

"Ba ka iya ba. In ka zuba ruwa garwashi na tashi. Ɗiyana na ƙasa."

Haka aka koya mana tun muna yara, wanda ya hura wutar banda ba ya juya mata baya, domin a tungar masunta ɗakunan ciyawa ne, wuta ɗaya ta isa ta cinye kowa. Amma nan siminti ne, ga ni tsaye, ga bokitin ruwa. Na kama rigarsa na ja, ya fizge. Ya ɗauke ragar da hannu biyu, da kifin a kai, ya ajiye a gefe a hankali kada su zube. Ya fara zuba yashin gini a kan garwashin da tafin hannu. Na zage shi, wallahi na zage shi, wana da ya goya ni. Da ya gama ya juya wajen katangar rufin, ya ɗaga ƙafar da ke naɗe da tsumma, ya taka, ya runtse ido. Ƙafar ba za ta yi tsalle ba. Lokacin kuma an riga an fara hawowa matakala.

Masu kashe gobara ne suka fara shigowa da tulunan feshi. Suka ga durom, suka ga kifi a jere, ɗayansu ya fashe da dariya ya tambaya ko hamra ce, a ina muka samo. Suka fesa wa duron kumfa duk da wutar ta mutu, kumfar ta fantsama kan yawancin kifin. Bayansu ɗan sanda ya hawo, matashi, ba hayaniya. Na tare shi da igamata na ce ni ne mai wutar. Ya duba ya miƙo mini. Ya dubi hannuna, ya dubi na yayana da suka yi baƙi da toka har gwiwar hannu. Ya ce da shi cikin ladabi, "Ya hajji, igama."

Yayana ya goge hannunsa a jikin riga, ya sake gogewa. Ya ce mini da Hausa, "Kwashe waɗanda kumfa ba ta taɓa ba."

Ta ƙofar ɗakinsu aka sauko da shi. Matarsa ta kashe fitila ta toshe bakin ƙaramar, ba su buɗe ba, shi ma bai ko juya wajen ƙofar ba, don kada a san akwai kowa nasa a ciki. Sallamar da suka yi ke nan.

Ya yi makonni a tarhil kafin a sa shi a jirgi. Yanzu yana Yawuri, a ɗakin da innarmu ta bari. Matarsa ba ta taɓa maimaita mini maganar da ta yi ranar tuwo ba, kuma ba ta sake kirana ƙaramin miji ba, Ammi take ce mini, wato baffa da Larabci, kamar yadda yaran ke faɗa. Ina kai musu abin da zan iya. Na yi yawon tambaya kan yadda yaran za su sami takardar tafiya, kowa da abin da yake gaya mini, kuma babbar ta ce ita ko an samu ba ta zuwa ƙasar da ba ta sani ba. Na gaji, kuma ba na ganin ranar da gidan nan zai sake haɗuwa.

Kifi biyu ne suka tsira daga kumfa. Matarsa ta naɗe su a jarida ta tura can ƙasan tallaja, wurin da ya rantse kifinsa ba zai shiga ba. Duk kiran da zai yi, bayan gaisuwa, tambayarsa ɗaya ce: "Sun ci?" In ce tukuna. Na tambaye shi ko yana shiga ruwa, ga Kwara a ƙofar gida. Ya ce a'a, wa zai kawo wa?

Da sanyi ya zagayo, matarsa ta fito da su ta yi miyar kuka, ta kira ni. Muka zauna a falo. Manyan biyu suka ce sun ƙoshi. Ƙaramar ta sa loma ɗaya, ta tauna, ta tofar a hannunta, ta ce da Larabci ɗanɗanon gobara gare shi. Ni da uwar muka cinye, ba mai kallon wani.

Da ya kira ya tambaya, na gaya masa gaskiya, har abin da ƙaramar ta ce. Ina jin injin wani jirgi yana wucewa a bayansa.

"Itacen na," ya ce. "Katako ba ya banda, Auta. In na komo sai in taho da marke, su ji yadda..."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban taya shi ba. Muka riƙe waya a kunne har katinsa ya ƙare.